Igiyar Mantau a Rijiyar Dakoro

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Ku da kuke zama a zaurena kun dame ni da tambayar yadda tafiyata arewa ta kasance, ni kuwa bakina ya gaji da maimaita wa kowane mai shigowa. Saboda haka na zauna na rubuta. Wanda ya iya ajami ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ladan bai sauke kiran assalatu ba jakunanmu suna tsaye da kaya a bakin ƙofar gari. A nan muka yi salla, mai tsaron ƙofa ya ja ƙyaure, muka fita muka ba gulbi baya. Mu uku ne, ni da wani mai fataucin taba da wani dillalin dabbobi. Su riba ta fitar da su. Ni aike ne.

Mantau, ɗan yayata, kun san shi, kun kuma san abin da ya yi. Shekarar da fara ta cinye gero ya fasa rumbun maƙwabci, aka kama shi da dami a ka. Alƙali ya dubi yunwar shekarar bai taɓa hannunsa ba, ya aika shi gidan yari. Yana can cikin ramin nan mai wari sai aka zo da wata shawara. Makiyayan arewa sun roƙi a gina musu rijiyoyi su biya da shanu, magina kuwa sun yi kaɗan. Aka ce a ba wani maginin rijiya mai suna Arzika aron ɗaurarru su koyi sana'a a hannunsa. Duk wanda Arzika ya shaida ya zama magini, a cire masa mari, ƙarfen da ke ƙafarsa, laifinsa ya wuce, ya koma cikin mutane da abin yi. Ranar da aka yi wannan shela ni da kaina na yaba, har na faɗa a masallaci cewa an yi aikin lada. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ba mu ga ko mutum ɗaya ya dawo ba. Yayata kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta kira ni ta ce in je in gani ko an cire masa marin, in an cire in taho mata da shi tun tana iya raba fuskarsa da ta wani.

Mun ya da zango na farko a Tibiri. Kasuwa cike take, gero ya sauko, wake ma haka, goro ne kaɗai ya ƙi talaka. Dillalin nan namu ko gaisuwa ba ya karɓa sai ya taya. Na gan shi yana cinikin fura da wata tsohuwa har ta gaji ta ce ya sha kyauta ya tafi, ya ce to ai sai ta ƙara nono. Na sayi ƙuli-ƙuli da garin kuka na zuba cikin burgami, don an ce mini gaba ba a sayar da miya.

Daga Tibiri gonaki suka fara ja da baya. Muka ƙetare Gulbin Kaba, babu ruwa a cikinsa sai yashi da goriba. Mutanen wurin kowa da kabarsa a hammata, yana tafe yana tufka, yana gaishe ka yana tufka. Bayan nan sai sabara da geza da aduwa, sai kuma ƙarangiya. Duk wanda ya ce muku ya je arewa bai yi faɗa da ƙarangiya ba, a hanya ya tsaya. Ta shiga wando, ta shiga rawani, na same ta har cikin gafakar Alƙur'ani. Mai taba ya ce maganinta mutum ya ɗan sa taba a baki. Haka ya ce game da ƙishirwa, da ciwon ƙafa, da tsoron mahara.

Tun daga Kornaka kuɗin wuri ya daina magana. Na miƙa wa wata Bafillatana wuri a kan ƙwaryar nono, ta juya su a tafin hannu ta ce, "Mi zan yi da su, Malam, in rataya wa maraƙi?" Sai da na auna mata gero. A can gero shi ne kuɗi, sai taba, sai baƙin zane. Mai taba ya koma sarki, kowane Buzu ya gan shi sai ya durƙusar da raƙumi. A hannunsu na fara cin cuku, busasshen nono ne kamar faifai, yana da daɗi in haƙoranka na nan. Nawa da saura, na jiƙa shi cikin kunu.

Ruwa shi ne abin da ya fi ba mu wuya. Rijiyoyin hanya ba su da yawa, masu zurfi ne, ruwan da ake samu kuma yana ɗanɗanon kanwa da warin akuya. Mun yi taimama fiye da yadda muka yi alwala. A bakin kowace rijiya shanu na layi tun hantsi, masu su na musu a kan wa ya riga wa, takarkari na jan igiya yana nisa har ka zaci ya bar garin kafin wasaki, gugan fata, ya leƙo. A nan na gane abin da ya sa makiyayi zai ba da saniya don a gina masa rami.

Dakoro ba gari ba ne kamar yadda muka san gari. 'Yan bukkoki ne na zana, da tsofaffin rijiyoyi, da garken da ke zuwa yana tafiya. Abokan tafiyata suka sauke kayansu a nan, aka nuna mini hanyar Korahan aka ce sabuwar rijiyar ba nisa. Na isa da la'asar. Abin da na fara gani tudun ƙasa ne kala-kala kewaye da rami, fari da ja da rawaya da mai ruwan toka, kowane launi daga zurfinsa aka fito da shi. An gitta gungumen itace a bakin ramin, igiya ta bi ta kansa ta sauka. Ɗayan bakinta an naɗa shi a jikin turke, wani ƙato yana zaune ya tokare ƙafafunsa yana riƙe da ita, ragowar kuma tana ɗaure ga takarkari.

Ina tsaye ƙaton ya yi tsawa, aka kora sa, igiya ta yi ta fitowa. Can sai ga kan mutum. Jikinsa duk laka, idonsa a rufe don haske. Ya dafa gungume ya fito ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafafu da kansa ba wanda ya ce masa. Wani ya zo da mari ya sa masa ya buga. Sai da ya buɗe ido na gane Mantau ne.

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, "Kawu, Inna ta rasu ne?"

Na ce tana nan, tana gaishe shi. Ya sunkuyar da kai yana goge laka daga yatsunsa. Yaron da na sani siriri ne mai yawan dariya. Wannan kafaɗunsa sun buɗe, ƙirjinsa na ƙara in ya ja numfashi, idon sawunsa kuma ya yi kanta baƙa wurin da ƙarfe ke zama.

Ɗaurarru biyar na tarar. An ce sun fi haka da farko, yashi ya rufta da ɗaya a wata rijiya wajen Rumbu, ɗaya kuma tari ya tafi da shi. Ba a sa musu mari in za su sauka, rijiyar ta isa tsaro. In sun hau ne ake mayarwa. Tuwonsu daban, bukkarsu daban, amma ban ga an doke su ba, kuma tuwon iri ɗaya ne da na 'ya'yan gida. Ina faɗin wannan don kada in zalunci Arzika. Dattijo ne gajere mai faɗin hannu, yana salla a kan lokaci, ya shimfiɗa mini buzu a inuwar aduwa ya sa aka dama mini fura.

Na tambaye shi ko Mantau ya koyi aikin.

Ya ce, "Ya koya. Shina jin yashi kafin shi zubo. Ɗaurin itace a bakin rami kuwa ya fi ɗiyana na cikina, ga su nan, su ji."

Na ce to me ya hana a shaida shi?

Arzika ya nuna mini turken nan. Ya ce ginar rijiya aiki biyu ne, na ƙasa da na sama. Na ƙasa ƙarfi ne da haƙuri, kowa na iya koyo. Na sama shi ne riƙon igiya. Mai riƙo shi ke sassauta naɗin turke a hankali in mutum na sauka. Shi ke sa hannu a igiya yana sauraren na ƙasa, in iska ta ɗauke masa ko yashi ya motsa, shi zai ji ya sa a ja. In ya yi gyangyaɗi, ko ya juya kallon wani abu, sai gawa. Tun kakanninsu ba a kiran mutum magini sai ranar da ya riƙe igiya wani ɗa, wanda ba bawa ba kuma ba ɗaurarre ba, ya sauka a kanta da yardar kansa ya hau lafiya. Kuma mai riƙo sai ya ware ƙafafu ya tokare, ba ya yiwuwa da mari.

"Ka gani, Malam," in ji shi. "A kwance ɓarawo, a sama, daji buɗe gabanai, ɗan mutane kuma shina ƙasa rataye ga hannunai. Na tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba shi ba. Ni ba ni tilasta mutum bisa ranshi."

Na ce shi fa? Ya ce gwiwarsa ta daina sauka tun bara waccan. Allah ya san gaskiyar gwiwar. Abin da na lura da shi kawai, tun da aka kawo masa ɗaurarru 'ya'yansa ba su ƙara shiga rami ba, kuma shanun da makiyaya ke biya ba su ragu ba.

Na tambaya ko masu shawarar can gida sun san da wannan al'ada lokacin da suka yi shela. Ya ce ba wanda ya tambaye shi. An kawo masa mutane an ce ya koya musu, ya koya musu.

Na tashi na yi sallar la'asar da ta kusa kuɓuce mini. Bayan na sallame na daɗe ina zaune. Ni ban taɓa shiga rijiya ba, ko ta fadama da yara ke faɗawa ɗauko guga. Kan soro ma ba na hawa. Na dawo na ce wa Arzika, ni ɗa ne, ba bawa ba, ba ɗaurarre ba. Ko al'adar ta ce sai magini ne zai sauka?

Ya dube ni tun daga rawani har takalmi. Ya ce al'ada ba ta faɗi haka ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa, ƙaton nan mai riƙo, ya yi dariya ya ce, "Malam, ka bar muna wasiyyar jakinka tukuna." Suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba ni da abin da ya fi ta.

Da gari ya waye, rana ta ɗan ɗaga, aka taru. Har makiyayan da ke kusa sun zo kallon malamin da zai shiga rami. Aka cire wa Mantau mari. Ya tsaya ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke, ya ɗaga ɗayar, kamar mai koyon tafiya. Na tuɓe rawani da riga, shi ya ɗaura mini igiya da hannunsa, ya zagaya ta cinyoyina da ƙirjina, ya ja kowane ƙulli da haƙori.

Ya ce a hankali, "Kawu, kada ka dubi ƙasa. Ka sa tafin ƙafa ga bango. In ƙirjinka ya yi nauyi kada ka yi kunya, ka girgiza igiya."

Na ce, "Kai dai ka riƙe."

Ya koma gindin turke ya zauna, na yi bisimilla, na zura ƙafafu. Sashen sama an ɗaure shi da itace, reshe kan reshe, ina jin su a bayana. Da na wuce itacen sai bango ya koma sanyi. Muryoyin mutane suka yi nisa, suka koma kamar ƙudan zuma cikin tulu. Na saɓa wa abin da aka gaya mini na dubi ƙasa, ban ga komai ba. Na ɗaga kai, bakin rijiyar ya koma kamar faifai, can kuma kamar bakin ludayi. Igiyar tana juya ni a hankali, tana kuka a kan gungume. Duk ayar da na ɗauko sai ta tsinke mini a tsakiya, na koma salati kawai.

Inda haske ke ɗan kaiwa na ga sawun dagi a bango, sara kusa da sara, tun daga sama har inda ido ya gaza. Na shafa da hannu. Kowane ɗaya wani ne ya ɗaga ƙarfe ya buga, a tsugune, a wurin da ba ka iya miƙe hannu biyu. Mu muna gida muna cewa an kai su koyon sana'a.

Igiyar ba ta fizge ni ko sau ɗaya ba. Tana sauka kamar ana ajiye ƙwarya cike da nono. Ƙafata ta taɓa laka mai sanyi, ruwa ya rufe mini idon sawu, don sun riga sun kai jijiya. Na tsuguna na ɗebi laka cikin hannu, wadda aka ce in hau da ita shaida. Sai na ji iska ta ƙi shiga. Ina buɗe baki kamar kifi a tudu, kaina na sara. Na kai hannu zan girgiza igiya, kafin in kama ta sai na ji ta ɗaure, ta ɗaga ni. Daga baya aka gaya mini Mantau ne ya yi tsawa a ja tun ba a ga alama ba. Ya ce ya ji nauyina ya sake a hannunsa.

Suka fito da ni suka kwantar, aka yayyafa mini ruwa. Da na farfaɗo lakar tana cikin hannuna. Mantau na zaune a gindin turke inda na bar shi, ƙafafunsa a tokare, bai saki igiyar ba har sai da Arzika ya je ya ɓamɓare yatsunsa. Arzika ya karɓi lakar ya shafa masa a goshi, ya ce a gaban kowa, "Na shaida. Mantau magini ne." Ya ɗauki marin ya jefa cikin bukka. Makiyaya suka yi kabbara. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da a nan labarin ya tsaya da na ba ku shi da baki tun ranar da na dawo.

Da azahar ina hutawa a inuwa sai wani daga cikin ɗaurarrun ya jawo marinsa ya zo ya durƙusa. Babban mutum ne, furfura ta fara masa, daga wani gari na gabas aka kawo shi, an ce raƙumi ya sata. Ya riga Mantau zuwa. Ya gaishe ni ya sake gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, ni ba ni da kawu. Ko gobe, in ka huta."

Na dubi hannuwansa, na dubi bakin rijiyar. Ƙirjina bai daina zafi ba. Na ce masa, "Bawan Allah, ban san ka ba."

Ya ce, "Gaskiya ne, Malam." Ya yi godiya ya ja ƙafafunsa ya koma. Ban kira shi ba. Har na baro wurin ban kira shi ba. Maganar da 'ya'yan Arzika suka faɗa a kan ɗan yayata, wadda na kwana ina jin haushinta, ita ce ta fito daga bakina, kuma da za a mayar da ni yau ban tabbata zan faɗi wata ba.

Da la'asar na ce wa Mantau ya haɗa kayansa, gobe sai gida. Ya ce in bari ya yi magana da maigida. Na bi shi. Ya tambayi Arzika ko yanzu zai shiga layin masu riƙo, a raba shanu da shi kamar kowane magini. Arzika ya dubi 'ya'yansa. Ƙaton ya ce, "Magini ne, mun ji. Amma kawunai ne ya sauka. Jini ne. Ni dai ba ni sauka bisa igiyatai." Sauran suka ce haka. Arzika ya ce in Mantau na so ya zauna, ba mari, da tuwo, da ɗan akuya in an gama rijiya. Amma a ƙasa.

Muka koma gefe. Na ce masa ya rabu da su, ya zo gida ya yi sana'arsa cikin danginsa. Ya yi murmushi irin wanda ban so ba.

"Kawu, a gida wa ke neman magini? Kowa ya tona fadama kamu biyu ya sha. Aikin da na koya na nan ne, inda ruwa ke nisa. Kuma ba a yin shi mutum ɗaya. Ko na samu mai ba ni rijiya, wa zai riƙa mini? Wa zan riƙa wa?"

Na ce ko noma ya yi.

"Gonar wa? In bi ta gaban rumbu mutane su tashi tsaye? Nan in na sauka ba mai kallona. In ruwa ya fito kuma sun san wanda ya kai gare shi, ko ba su faɗa ba."

Na ce, uwarka fa? Idonta na rufewa.

Ya ce in gaya mata an cire marin. In gaya mata da akuyar farko zai zo, ba zai shiga garin nan hannu sake a nuna shi da baki ba. Na yi masa faɗa, na yi masa nasiha, na kawo masa haƙƙin uwa da abin da aka ce a kansa. Ya saurara duka kansa a ƙasa. Da safe da na fito ɗaura wa jaki kaya, na tarar har ya sauka. Ƙaton ne a kan turke. Na leƙa na kira sunansa, muryarsa ta hau daga nesa tana cewa Allah ya kiyaye hanya.

Na koma Dakoro na tarar da abokan tafiyata sun gama. Mai taba ya sayar da komai har da wadda ke bakinsa, dillali kuma ya haɗa awaki masu taurin kai irin nasa. Suka tambaye ni ina yaron, na ce yana aiki. Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, ƙarangiya ba ta sake hali ba, sai dai ni na daina cire ta. A kowace rijiya muka tsaya, in na karɓi ruwa sai in tsaya ina duban bakin ramin, har dillali ya ce ko na bar wani abu a ciki ne.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Koya wa ɗaurarre sana'a abu ne mai sauƙi, hannu ba ya ƙin koyo, kuma mai koyarwa ba ya asara. Waɗanda suka yi shawarar sun tsaya a nan suka ɗauka sun gama, mu kuma muka yaba muka koma gidajenmu. Ba wanda ya tambayi wa zai yarda da mutumin bayan ya koya. Na ga mutane huɗu da suka iya aikin da ƙasar nan ke ba da shanu dominsa, suna zaune da ƙarfe a ƙafa saboda ba a samu mai sauka ba. Na biyar an samu, kuma yana inda yake. In kuna da bakin da ake ji a fada, ku faɗa. Ni na faɗa, an ce za a duba.

Mun shigo gari da hantsi. Ban biya gidana ba, na wuce wurin yayata. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsinke zogale da lalube. Ta ji takuna ta ɗaga kai, ta karkata kunne tana jiran taku na biyu. Na zauna na ba ta labari tun daga farko, ban rage komai ba. Na gaya mata an cire marin, an shafa masa laka a goshi, makiyaya sun yi kabbara. Na gaya mata zancen akuya.

Ta ce, "Kai da kanka ka shiga ramin?"

Na ce na shiga, Yaya.

"Shi ya fiddo ka?"

Na ce shi ne.

Ta ci gaba da tsinke ganyenta. Can ta ce, "To. Shi ya fiddo ka, kai ka baro shi ciki."

Allah ya kwance duk wanda ke ɗaure, ya yafe mana mu da muke sake.